Tsare Kwamfutocin Shago da Ƙaramin Ofis daga Masu Kutse: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Kasuwar Arewacin Kamaru

Wannan shafi na masu ƙananan sana'o'i ne a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri da garuruwan da ke kewaye da su: mai shagon magani, dillalin siminti da kwano, mai sakatariyar buga takardu, ƙaramin asibiti, makarantar kuɗi, tashar motocin haya. Galibi kayan aikin ba su wuce modem ɗaya, kwamfuta biyu ko uku, firinta, wataƙila kyamarori ba, sai kuma wayar mai gida wadda komai ke rataye a kanta.

Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne. Wane ɗan kutse ne zai bar bankuna ya zo kaina?

Yawancin lokaci ba wanda ya zaɓe ka. Masu kutse manhajoji suke saki su yi ta yawo a intanet dare da rana suna gwada duk na'urar da suka ci karo da ita, kamar ɓarawon da ke bin layin kasuwa bayan an tashi yana jijjiga kowane kwaɗo. Bai san mai shago ba, wanda ya buɗe shi ne rabonsa. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta kame dubun dubatar kyamarori da modem a faɗin duniya, kuma duk dabararta ita ce gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sa wa na'urori tun suna cikin kwali.

Akwai kashi na biyu, su kam sun san ka. Lambar wayarka tana jikin allon shago, suna jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, sun san lokacin da kuɗin albasa ko na auduga ke yawo a hannun mutane. Kiran waya ɗaya ya ishe su. A ganina waɗannan sun fi na nesa yi wa 'yan kasuwarmu ɓarna.

To daga ina zan fara?

Daga modem, domin ta nan komai ke shiga ya fita. Ko na Camtel ne, ko na Orange ko MTN, ko TP-Link da ka saya a kasuwa, kalmomin sirri biyu gare shi, amma mutane da yawa ɗaya suka sani. Ta farko ita ce ta wayfai da ake ba mai son hawa. Ta biyu ta shiga saitin modem ɗin ce, wanda ake buɗewa idan an rubuta adireshi irin 192.168.1.1 ko 192.168.8.1 a burauza. Duba takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar, za ka ga naka. Sau da yawa sunan shiga admin ne, kalmar sirrin ma admin. Duk wanda ya hau wayfai ɗinka ya san haka zai iya juya saitin ya riƙa karkatar da ku zuwa shafukan bogi.

Sauya duka biyun. Kana cikin saitin, ka tabbatar tsaron wayfai WPA2 ne ko WPA3. Modem ɗin da WEP kaɗai ya sani zamaninsa ya wuce, cikin 'yan mintuna ake fasa shi. Kashe WPS, wato hanyar hawa wayfai ta danna maɓalli ko sa gajeriyar lamba maimakon kalmar sirri. Kashe damar sarrafa modem daga nesa, wadda menun Faransanci kan rubuta gestion à distance. Idan akwai wurin sabunta manhajar modem, danna shi. Aikin rabin awa ne, ko dala ba ya ci.

Abokan ciniki da maƙwabta suna roƙon kalmar wayfai, hana su kuma da nauyi. Yaya zan yi?

Ba sai ka hana ba. Yawancin modem na yanzu suna iya buɗe wayfai na biyu don baƙi, mai suna daban da kalmar sirri daban. Wanda ya hau na baƙi zai sami intanet, amma ba zai ga kwamfutar lissafi ko firinta ko kyamara ba. Shi za ka riƙa bayarwa, ka sauya kalmarsa duk ƙarshen wata. Na aiki kuwa kada ya wuce na'urorin aiki, wayoyin yaran shago ma na baƙi za su hau.

Masu sayar da tikitin wayfai a unguwa da na'urar MikroTik su kula sosai da sabuntawa. A 2018 an gano wata kafa a Winbox, manhajar da ake sarrafa na'urar da ita, wadda ta ba masu kutse damar kwashe kalmomin sirri, aka kuma mamaye na'urori da yawa da ba a sabunta ba duk da cewa kamfanin ya fitar da gyara.

Wace irin kalmar sirri ce mai ƙarfi? Ni mantuwa gare ni.

Tsawo ya fi ƙwalisa. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ka gauraya Hausa da Fulatanci in ka so, ka sa lamba a tsakani. Ban da sunan shago, sunan ɗa, shekarar haihuwa, lambar waya ko lambar mota, waɗannan duk mai wucewa ya san su.

Abin da ya fi ƙarfin kalmar muhimmanci shi ne kada ka maimaita ta. Idan kalma ɗaya ce ke buɗe Gmail da Facebook da shafin biyan haraji, ranar da aka sace ta a wuri ɗaya an buɗe sauran. Game da mantuwa, rubuta su a ƙaramin littafi ka kulle inda kake kulle kuɗi. Wasu masana za su yamutsa fuska, amma ɗan kutsen da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe durowarka ba. Abin da ba a so shi ne takardar da aka manna a jikin allon kwamfuta. Wanda ya saba da waya zai iya amfani da Bitwarden ko KeePass, manhajojin adana kalmomin sirri ne na kyauta.

Sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata shaida, kamar lambar da ake turowa wayarka) a imel kafin ko'ina, tunda ta imel ake sake saita kalmomin sirrin sauran asusu.

Yaron da ke riƙe mini kwamfuta ɗan 'yar'uwata ne, ni na rene shi. Don me zan raba masa asusu kamar ban yarda da shi ba?

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran wuya, domin ta taɓa zumunci. Mun saba kasuwancinmu a kan amana yake tafiya: ɗan'uwa ne a kan kuɗi, suruki ne a sito, kowa ya san lambar kowa. Ba na cewa a rushe wannan. Amma ka duba yadda kwamfuta ke aiki. Idan kowa da asusun mai cikakken iko yake shiga, duk abin da ɗayanku ya danna bisa kuskure shi ma ya sami cikakken iko, ya shiga ko'ina ya girka kansa. Yaron kirki ne, amma da rana idan ciniki ya lafa zai sauko da wasa ko fim, ko ya buɗe saƙon da ya ce ya ci kyauta. Ba da mugun nufi ba. Manhajar ɓarna kuwa ba ta tambayar nufin wanda ya danna.

Don haka a Windows ka buɗe wa kowane ma'aikaci asusu na talakawa, wanda ba ya iya girka manhaja sai da kalmar sirrin mai iko. Kai kanka da irinsa za ka riƙa aikin yau da kullum, ka ajiye mai ikon sai ranar buƙata. A manhajar lissafi ma, ko Sage ce ko wata, kowa da sunansa.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, idan mutum biyar da suna ɗaya suke shiga, zargi kan kowa yake faɗawa, kuma wanda ba shi da gata shi ke kwana a ciki. Idan kowa da nasa, manhaja za ta nuna wa ya rubuta me da ƙarfe nawa, mai gaskiya ya fita. Haka za ka yi wa yaron bayani, zai fahimta. Kuma duk ranar da wani ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu da addu'a, a rufe asusunsa a ranar, a sauya kalmar wayfai, a cire shi daga rukunin WhatsApp na shago.

Yaya ake sace WhatsApp, alhali wayata tana hannuna?

Ɓarawon lambarka yake sawa a WhatsApp ɗin wayarsa. WhatsApp sai ya turo lamba shida ta saƙon tes zuwa wayarka don ya tabbatar mai layin ne. Nan take sai a kira ka: wai daga ƙungiyar 'yan kasuwa ne za a yi taro ta intanet, ko ana rajistar tallafi, ko wani ne ya tura maka lambarsa bisa kuskure, don Allah karanto. Kana karantowa asusun ya koma hannunsa. Kafin la'asar ya bi abokan cinikinka da 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, yana cewa ka shiga matsala a hanya a turo kuɗi.

Wannan lamba shida ba a ba kowa ita, ko wa ya ce shi ne. Shiga Paramètres, sai Compte, sai Vérification en deux étapes, ka sa lambar sirri taka da adireshin imel. Ka riƙa leƙa Appareils connectés ka cire duk na'urar da ba ka gane ba, musamman idan ka taɓa buɗe WhatsApp a kwamfutar wani.

Idan an riga an sace, sake rajistar lambarka a wayarka. Sabuwar lamba shida za ta zo maka, shigar da ita zai fitar da shi. In ya riga ya sa nasa mataki na biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma an fitar da shi. Su GB WhatsApp da ire-irensu kuwa ba na kamfanin ba ne, ba su da wuri a wayar kasuwanci.

Orange Money da MoMo fa?

Dabarun ba su da yawa, maimaita su ake yi. Ko a turo saƙon bogi mai kama da na shigar kuɗi sannan a kira ana magiya a mayar, ko mai saye ya nuna maka hoton biya a wayarsa ya ɗauki kaya, ko wani ya kira ya ce daga kamfani ne za a rufe asusunka sai ka danna wasu lambobi ka sa lambar sirri, alhali cire kuɗi kake amincewa da shi.

Ka kafa wa shago doka ɗaya: kaya ba sa fita sai an duba ragowar kuɗi daga menu, #150# ga Orange Money, *126# ga MoMo, ko daga manhajar kamfanin. Saƙon tes da hoton allo ba shaida ba ne. Lambar sirri kuma ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya tambayar ta. Kafin ka sa ta, karanta abin da allo ya rubuta, idan ka ga retrait kai kuma ba ka gaban mai cire kuɗi, soke.

Layin kasuwanci ya kasance da katin shaidarka aka yi masa rajista, ba na ƙane ko na mai sayar da layi ba, in ba haka ba ranar matsala ba ka da bakin magana a ofishinsu. Idan kuma layinka ya ɗauke gaba ɗaya alhali na kusa da kai suna da sabis, kada ka jira gobe, je ofishin kamfanin a duba ko an sake fitar da layin ga wani.

Na sa filas, duk fayilolina sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Sun ɓace ke nan?

Galibi suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna gajerun hanyoyin, danna su ne ke shigar da cutar cikin kwamfuta. A bincike filas ɗin da manhajar kariya, sannan a nuna ɓoyayyun fayiloli a kwashe su.

Masu sakatariya, ku ne wannan ya fi shafa, tunda filas ɗin ɗalibai da na ma'aikata duk a wurinku suke haɗuwa. Ku ware kwamfuta ɗaya don filas ɗin jama'a, wadda ba a shiga imel ko banki da ita. Ku kuma saita Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, domin abin da ya bayyana da sunan facture.pdf zai iya kasancewa facture.pdf.exe, wato manhaja ce ta yi shigar takarda.

Kwamfutata da Windows 7 take, lafiya lau take aiki. Me zai sa in taɓa ta?

Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Ma'ana duk sabuwar kafar da aka gano ba mai toshe maka ita. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke iso mu ta Duwala da ɗayan biyun nan suke zuwa, kuma da yawa ba sa ɗaukar Windows 11 saboda yana buƙatar wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa.

A watan Mayu 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya. Microsoft ya fitar da gyaran kafar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci, ba su sabunta ba ne.

Na san dalilin da ya sa ake kashe sabuntawa a nan: data tana da tsada. Ware dare ɗaya a wata ka bar ta ta sabunta. Tsohuwar kwamfutar da ba ta ɗaukar sabon Windows, ko a cire ta daga intanet ta zauna a kan buga takardu, ko a sa mata Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, kyauta ne kuma ana sabunta su. Manhajojin sata kuwa, duk wadda sai an kashe kariya kafin ta girku ta riga ta gaya maka halinta. Idan kuɗin Office ne matsala, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel.

Sai na sayi manhajar kariya?

Ga ƙaramin shago, Microsoft Defender da ke cikin Windows ya isa, muddin yana kunne kuma ana sabunta shi. Ta kuɗi da wa'adinta ya ƙare bara ba ta kai shi ba. Kada a haɗa biyu a kwamfuta ɗaya.

Wace hanya ce ta fi dacewa in ajiye kwafin bayanaina?

A nan arewa ko ba ɗan kutse, akwai abin da zai ci maka bayanai. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu a Garwa da Marwa yana haura digiri 40, wuta kuma ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, idan ruwa ya ja baya a rani kowa ya san abin da ke biyo baya. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil, dawowarta da ƙarfi tana ƙona na'ura. Sayen onduleur, na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, ga kwamfutar lissafi da modem ba almubazzaranci ba ne.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen shago. A aikace, na farko shi ne na cikin kwamfuta. Na biyu a faifan waje da ake haɗawa a kwafa duk ranar Alhamis ko Juma'a, sannan a cire a tafi da shi gida. Cirewar tana da muhimmanci, domin manhajar da ke kulle fayiloli tana kulle duk faifan da ta tarar a haɗe. Na uku a intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi littafin bashi da rasitai na shekaru.

Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin a wata kwamfuta ka ga ko yana buɗewa. Littafin bashi na takarda kuma kada a yar da shi.

An kulle mini fayiloli ana neman kuɗin fansa. In biya?

Shawarata kada ka biya. Ba abin da ke tilasta musu su buɗe bayan sun karɓa, kuma wanda ya biya sau ɗaya an san yana biya. Cire kwamfutar daga wayfai da waya nan take don kada ta harbi sauran, ka ɗauki hoton saƙon da ke allo. Kada ka goge fayilolin da aka kulle. Akwai shafin nomoreransom.org da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, yana ba da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Daga nan a goge kwamfutar gaba ɗaya, a girka sabon Windows, a dawo da bayanai daga kwafi.

Mai turo mini kaya daga Duwala ya aiko saƙo cewa ya sauya asusun banki. In tura?

Dakata, Hajiya. Wannan tana cikin damfarar da ta fi cin manyan kuɗi, ko mai kayan yana Duwala, ko Dubai, ko Guangzhou. Ɓarayin sukan shiga imel ɗin ɗayanku su yi shiru suna karanta hirarku makonni, sai lokacin biya ya yi su aiko takarda mai tambarin kamfanin da sabuwar lambar asusu. Ki kira shi a tsohuwar lambar da kika saba kira, ba wadda ke cikin sabon saƙon ba, ki ji daga bakinsa. Saƙon murya kaɗai bai wadatar ba, yanzu ana kwaikwayon muryar mutum da manhaja. Ki kuma duba saitin imel ɗinki ko an sa dokar tura kwafin saƙonni zuwa adireshin da ba ki sani ba.

Mai gyara yakan shiga kwamfutata daga nesa, shi ya kuma saita kyamarori. Akwai matsala?

AnyDesk da TeamViewer kayan aiki ne masu amfani, amma a saita su yadda sai ka amince kafin kowace shiga, a rufe bayan an gama. Wanda ya kira ka haka kawai ya ce ka girka ɗayansu don ya taimake ka, ɗan damfara ne. Kyamarori, Hikvision ne ko Dahua, ka karɓi kalmar sirrin mai iko daga wanda ya saita ka sauya ta. Idan za a kai kwamfuta gyara, a kwafi bayanai tukuna, a fita daga imel da WhatsApp.

Abin ya riga ya faru. Ina zan kai ƙara?

Kafin komai ka sanar da mutanenka. Kunya tana sa manya su yi shiru, a cikin shirun nan ne ɓarawo ke karɓar kuɗi da sunansu. Sa a sanar a rukunonin WhatsApp da wayar wani, a kira manyan abokan ciniki. Sauya kalmomin sirri daga na'ura mai tsabta, imel a farko. Ajiye shaida: hotunan allo, lambar da aka kira ka da ita, lambar shaidar tura kuɗi da lokacinta. Garzaya ofishin kamfanin waya ko banki a ranar, domin da zarar an cire kuɗin a hannu dawo da su ya yi wuya. Sannan ka shigar da ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma.

Hukumar ANTIC ce ke kula da tsaron intanet a Kamaru, tana da cibiyar karɓar rahoton kutse mai suna CIRT, ana kiran ta kyauta a 8202. Doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi ɗauri da tara ga mai shiga kwamfutar wani ba izini. A Disamba 2024 kuma an sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa mai tara bayanan jama'a nauyin tsare su, don haka asibiti ko makarantar da ke ajiye sunaye da hotunan katin shaida abin ya shafe ta.

'Yan kasuwar Kusiri da ke da rassa a Njamena su sani cewa a tsallaken gada hukumar ANSICE ce ke wannan aiki, wadda dokar Chadi ta 2015 ta kafa. Idan kuɗin ta Airtel Money ko Moov Money suka bi, ofishin kamfanin a can ne za a fara zuwa, da katin shaidar wanda aka yi wa layin rajista da sunansa.